Lasisin Najeriya a titin Ingila: wata 12 ne, kuma ƙidaya ta riga ta fara

Tambaya: Assalamu alaikum. Wata huɗu ke nan da shigowata Ingila ni da iyalina, ina aikin kula da tsofaffi gida-gida. Shekara 13 ina tuƙi a Najeriya, kuma na zo da lasisina da na ƙasa da ƙasa. Wani ya ce mini musanyawa kawai ake yi a ofis, wani kuma ya ce in shekara ta kusa cika na je gida na dawo, sabon lissafi zai fara. Wanne ne gaskiya, kuma ta ina zan fara?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Malam, barka da zuwa, ya sanyi? Koyar da tuƙi ita ce sana'ata a nan, kuma rabin waɗanda ke zama kusa da ni a mota irinka ne, mutanen da suka iya tuƙi tun kafin su san inda ake yin fasfo. Duk maganganun biyu da aka faɗa maka babu daidai a ciki, ta biyun ma ta fi haɗari, don ita ce ke sa mutum ya miƙe ƙafa har lokaci ya ƙwace masa.

Doka ta ba ka damar tuƙa ƙaramar mota da lasisinka na Najeriya na tsawon wata 12, muddin lasisin bai mutu ba. Ana fara ƙidayar ne daga ranar da ka zama mazaunin ƙasar, wato tun shigowarka. Ranar da ka sayi mota ba ta cikin lissafi. Zuwa gida hutu ko gaisuwa ko ɗaurin aure ba ya mayar da agogon baya, domin kai mazauni ne, ba baƙo mai ziyara ba. Lasisin ƙasa da ƙasa kuwa ɗan rakiya ne kawai, fassarar na gida ce, ba ya ƙara maka ko da yini ɗaya. Saboda haka cikin wata 12 ɗin ka riga ka ci huɗu, saura takwas.

Batun musanya akwai shi, amma ba da mu ake yi ba. Hukumar DVLA da ke Swansea, wadda ke fitar da lasisi, tana da jerin ƙasashen da take karɓar nasu ta ba da na Birtaniya ba tare da jarrabawa ba: ƙasashen Tarayyar Turai, da irin su Kanada, Ostireliya, Japan, Singafo da Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa. A Afirka Zimbabwe da Afirka ta Kudu ne ke ciki. Najeriya ba ta ciki, haka Ghana da Nijar da Kamaru. Saudiyya ma ba ta ciki, na faɗi wannan ne saboda ma'aikatan jinya da ke zuwa daga Jidda ko Riyad suna yawan tambayata. Wanda kuma ya yi zaman Dubai, ana duba inda ya ci jarrabawar tun asali. Idan na gida ya musanya ya karɓi na wata ƙasa, takardar ba za ta tsallakar da shi ba. Kai dai hanyarka ɗaya ce: lasisin koyo, jarrabawar ka'idoji, sannan jarrabawar tuƙi a titi, daidai da yaro ɗan shekara 17. Na san yana da ciwo. Ni ma ya yi mini ciwo.

Abin da za ka yi a daren nan shi ne neman lasisin koyo, wanda suke kira provisional, koren kati ne. A shafin gwamnati na GOV.UK ake nema, fam 34 ta intanet, fam 43 ta gidan waya. Za su buƙaci lambar tantancewa daga asusunka na biza, da adireshin wuraren da ka zauna cikin shekara uku, da lambarka ta National Insurance in ka samu. Akwai shafuka masu kama da na gwamnati da ke karɓar ƙarin kuɗi don su cike maka fom ɗin da za ka iya cikewa cikin minti goma, ka duba adireshin shafin da kyau kafin ka sa katin banki. Mutane da yawa suna tsoron neman koren katin don suna zaton da zarar ya zo sun koma 'yan koyo. Ba haka ba ne. Har sai wata 12 ɗinka sun cika, kana tuƙi kai kaɗai da ƙarfin lasisin gida, ba sai ka manna alamar L ba, ba sai da mai rakiya ba.

Inda igiyar take tsukewa shi ne ka'idar kwana 185. Ba za ka zauna ko ɗaya daga jarrabawar biyu ba sai ka yi kwana 185 a Ingila, Wales ko Scotland cikin wata 12 da suka gabaci ranar jarrabawar. Kai yanzu kana wajen kwana 120. Ke nan sai nan da wata biyu da 'yan kwanaki za ka iya rubuta ta ka'idoji, kuma ba a ba ka damar kama ranar ta tuƙi sai ka ci wannan. A 'yan shekarun nan layin jarrabawar tuƙi ya yi tsawo ƙwarai, a cibiyoyi da yawa ana jiran wata biyar ko fiye. Ka lissafa da kanka: wata shida kafin ka fara, wata biyar na jira, ka ga saura wata ɗaya tak, kuma wannan in ka ci komai a karon farko ke nan. Shi ya sa nake cewa ka kama ranar jarrabawar ka'idoji da zarar koren katin ya iso, ka ɗora ta a makon da ya biyo bayan cikar kwana 185, kuma ranar da ka ci, kafin ka isa gida, ka kama ta tuƙi a waya. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Ita ta ka'idoji fam 23 ce, a kwamfuta ake yi, kashi biyu. Na farko tambaya 50 cikin minti 57, ana son ka ci 43. Na biyu gajerun bidiyo 14 ne na titi, kana danna linzami duk lokacin da ka ga haɗari yana tasowa, ana son maki 44 cikin 75. Dole ka ci duka biyun a zama ɗaya. Tun 2014 aka daina yarda da tafinta, don haka da Turanci za ka yi, amma kana iya sa abin kunne a karanta maka tambayoyin. Littafin dokokin hanya, Highway Code, kyauta yake a GOV.UK, ka karanta shi daga bango zuwa bango, kada ka tsaya ga haddar amsoshi a manhaja. Tsofaffin direbobi a ɓangaren bidiyo suke faɗuwa, kuma dalilin abin dariya ne: idonsu ya fi na kwamfutar sauri. Ka hango yaro a bakin titi da ƙwallo, ka danna tun kafin lokacin ba da maki ya buɗe, sai a ba ka sifili. Maganin shi ne ka danna da ka gani, ka ɗan jira kamar daƙiƙa ɗaya, ka sake dannawa. Amma kada ka yi ta dannawa babu ƙaƙƙautawa, za ta ɗauka maguɗi kake yi ta soke makin bidiyon. Takardar cin wannan jarrabawa shekara biyu take yi, in ta mutu kafin ka ci ta tuƙi sai ka sake.

Yanzu ga inda nake so ka ba ni kunnenka, domin a nan kuɗin mutane ke ƙarewa. Shekara 13 da ka yi a sitiyari ta ba ka abin da ba a saye: ka san faɗin motarka, ƙafarka ta san kuloci, ba ka firgita. Amma mai jarrabawa ba wannan yake aunawa ba. Yana zaune a gefenka kamar minti 40 da na'urarsa a cinya, kuma abin da ya gani da idonsa kawai yake rubutawa. Mu a gida da wutsiyar ido muke kallon madubi, da kunne muke sanin mai babur yana gefe, da ham muke sanar da zuwanmu. A nan in kanka bai motsa ba, to ba ka duba ba. Na taɓa samun wani dattijo da ya yi shekaru yana jan tirela daga Legas zuwa Maiduguri. A darasinmu na farko ya yi ribas cikin wani lungu da hannu ɗaya, santimita kaɗan tsakaninsa da bango, yana ba ni labari. Na ce masa: Baba, fakin ya yi kyau, amma da yau jarrabawa ce ka faɗi tun kafin mu bar ƙofar gida. Ya tayar da mota daga gefen titi bai waiga ta kafaɗar dama ba, inda madubi ba ya nunawa. Ya ɗauki abin raini, ya je ya gwada da kansa sau biyu, sannan ya dawo muka zauna.

Lissafin makin haka yake. Ana yafe maka ƙananan kurakurai har 15. Babban kuskure ko mai haɗari kuwa guda ɗaya ya isa, ko da a minti na ƙarshe ne kana shiga harabar cibiyar. Ƙaramin kuskuren da ka yi ta maimaitawa ma yana iya zama babba. Kusan rabin masu shiga ne ke ci, kuma abin da ya fi kayar da mutane shekara da shekaru shi ne rashin dubawa da kyau a mahaɗar titi da rashin kallon madubi kafin sauya hannu. Za a fara da gwajin ido, ka karanta lambar mota daga nisan mita 20, in kana sa tabarau kada ka manta shi a gida. Za a yi maka tambaya biyu a kan motar, ɗaya kafin ku tashi ɗaya kuna tafe, irin yadda ake gwada birki ko wanke gilashi. Za ka yi dogon tuƙi kana bin na'urar nuna hanya ko allunan titi, kuma ɓata hanya ba laifi ba ne in ka ɓata ta cikin natsuwa. Sai ribas iri ɗaya cikin uku: fakin a bayan wata mota, fakin a cikin layi, ko tsayawa a hannun dama ka ja baya tsawon mota biyu ka sake shiga titi. Wani lokaci akan ƙara da tsayawar gaggawa. Kuɗinta fam 62 a ranakun aiki, fam 75 da yamma ko ƙarshen mako. In ka faɗi, sai bayan kwanakin aiki 10 za ka sake, in ma ka samu gurbi.

Tuƙi a hannun hagu da ake yi a nan ba shi ne babbar matsala ba, mako biyu jiki ya saba. Iyayenmu ma a hagun suka koya, sai a watan Afrilun 1972 Najeriya ta koma dama, Ghana ta bi a 1974. Abin da ke ɗaukar lokaci shi ne shataletale. A nan mai zuwa daga damarka shi ke da hanya, kuma layin da za ka shiga ana zaɓarsa ne tun daga nesa, gwargwadon ƙofar da za ka fita. Wanda ya saba da shataletalen da ake shiga da hancin mota da zuciya, sai ya sake koyon haƙuri. Amma haƙurin ma yana da iyaka: in ka bar gurbi uku masu kyau suka wuce kana tsaye, za a rubuta maka jinkiri. Haka tafiya a hankali fiye da kima. Gudu da mil ake aunawa, 30 a cikin gari, wato kimanin kilomita 48, 60 a titin bayan gari mai hannu ɗaya, 70 a tagwayen hanyoyi. Unguwanni da yawa sun koma 20, Wales ma tun Satumban 2023 ta mayar da 20 ta zama ita ce ka'ida a cikin gari. Ka riƙa karanta allo.

Akwai kuma halayen da a gida ladabi ne, a nan kuskure. Ƙyafta wa wani fitila ka ce ya wuce, ko ɗaga wa mai tafiya a ƙasa hannu ya tsallaka, ka daina, domin in wata mota ta fito ta ɗaya gefen kai ka tura shi. Ham don gargaɗi ne kawai, ba a busa shi mota na tsaye sai in akwai haɗari, ba a busawa a cikin unguwa daga ƙarfe 11:30 na dare zuwa 7 na safe. Tun Janairun 2022 ka'ida ta ce in za ka shiga kwana ka ga mutum yana jiran tsallakawa, ka ba shi hanya, kuma in za ka wuce mai keke ka bar masa aƙalla mita ɗaya da rabi. Allon STOP tsayawa cak yake nufi, tayoyi su daina motsi, ko da titin fayau yake.

Darasi nawa kake buƙata? Ga irinka nakan ce awa 10 zuwa 15, in ka zo da niyyar sauraro. Ba don ni mai koyarwa ba ne nake faɗa, ka lissafa kuɗin faɗuwa uku da watannin jira ka gani. Ka nemi malami mai rajista da DVSA, hukumar da ke shirya jarrabawar tuƙi, za ka ga katinsa a gilashin gaba: kore ga wanda ya kammala, ruwan hoda ga mai neman ƙwarewa. Duk wanda ba shi da ɗaya cikin biyun, haramun ne a doka ya karɓi kuɗinka, komai kusancinku a masallaci. Ka ce masa a darasin farko ya yi maka jarrabawar gwaji ba sani ba sabo. Ka kuma yanke shawara tun yanzu a kan irin motar: in ka ci da otomatik, otomatik kaɗai za ka tuƙa, in ka ci da mai giyar hannu duka biyun naka ne. Tunda ƙafarka ta san kuloci, ra'ayina ka yi da giyar hannu, sai dai ka tuna da hagu za ka riƙa sa giyar.

To idan wata 12 suka cika ba ka ci ba fa? Daga wannan rana ka zama ɗan koyo sosai. Sai da alamar L gaba da baya, sai da mai rakiya a gefenka wanda ya kai shekara 21 kuma ya yi shekara uku da cikakken lasisi na Birtaniya ko na Turai. Abokinka mai lasisin Najeriya ba zai iya raka ka ba, ko da ya girme ka a tuƙi. Babbar hanya ta motorway kuma ba ka hawa sai da malami mai rajista a mota mai birki biyu. Ga mai aiki gida-gida wannan yana nufin komawa bas, don haka ka sanar da wurin aikinka ranar tun da wuri su gyara maka jadawali. Na san masu cewa ai ba a tare mutum a hanya kamar a gida. Gaskiya ne babu shinge, amma motocin 'yan sanda suna ɗauke da kyamarar da ke karanta lambar mota, kuma ranar da aka ɗan goge ka ko ka gogi wani, tambayar farko ita ce yaushe ka shigo ƙasar. Tuƙi ba bisa ka'idar lasisi ba yana jawo makin laifi 3 zuwa 6 a kan lasisinka da tara har fam 1,000, kamfanin inshora kuma zai iya cewa bai san da kai ba. Tuƙi babu inshora maki 6 ne da fam 300 in abin bai je kotu ba, kuma suna iya tafiya da motar nan take.

Makin nan kada ka raina shi. Akwai doka ta 1995 a kan sababbin direbobi: duk wanda ya tara maki 6 cikin shekara biyu da cin jarrabawa, an soke lasisinsa, ya koma koren kati ya sake jarrabawa biyun. Makin da ka kwaso kafin ka ci yana biyo ka cikin sabon lasisin, ƙari kaɗan ya cika shida. Riƙe waya a hannu kana tuƙi, ko da a danja kake tsaye, maki 6 ne da fam 200. Kira ɗaya daga gida ya isa.

Inshora ita ma ba irin tamu ba ce ta takardar da ake ajiyewa a aljihun mota. A nan sunan direba ake rubutawa a kan mota takamaimai, ba ka ɗaukar makullin ɗan'uwa don kawai motarsa tana da inshora. Ka gaya musu gaskiya cewa lasisinka na waje ne da ranar shigowarka, farashin zai yi zafi a shekarar farko. Kuma tunda kana zagayawa gidajen waɗanda kake kula da su, inshorar zuwa aiki da dawowa ba ta wadatar ba, sai ka ƙara ta amfani da mota a bakin aiki. Wannan ya kama ma'aikatan kula da tsofaffi da yawa ba su sani ba. Masu tallar inshora mai araha a WhatsApp ka guje su, da yawansu bayanan ƙarya suke cikewa da sunanka, ko su ba ka takarda su soke ta bayan mako ɗaya. Haka masu sayar da ranar jarrabawa da ninkin kuɗi. Wanda kuma ya ce zai samo mai kama da kai ya rubuta maka, ka sani ana ɗaure mutane a kan wannan, kuma hukuncin kotu zai tsaya a gabanka ranar da za ka nemi zaman dindindin. Ka kama ranarka a GOV.UK, ko da mai nisa ce, sannan ka riƙa leƙawa don wasu suna fasa tasu. In kai ne za ka ɗage, ka yi da saura cikakkun kwanakin aiki 10, in ba haka ba kuɗin sun tafi.

Duk abin da na faɗa na Ingila da Wales da Scotland ne. Ireland ta Arewa tana da tata hukumar, DVA, da nata farashin. In uwargida ma tana tuƙi, nata agogon daban yake ƙidaya daga ranar da ita ta shigo, ku nemi koren katin tare.

Ranar jarrabawa ka tafi da koren katin, in babu shi ba a yi. In da motarka za ka yi, ka manna L ko da wata 12 ɗinka ba su cika ba, ka kuma sayi ƙaramin madubin da mai jarrabawa zai maƙala a gilashi. In Allah ya sa ka ci, zai karɓi koren katin ya ba ka takardar shaida, kana iya tuƙi da ita nan take, cikakken lasisin kuma, katin ruwan hoda, yakan iso ta gidan waya cikin mako uku. Ka kira kamfanin inshorarka a ranar ka sanar da su lasisi ya sauya. Allah ya ba da sa'a, a gaida iyali.